A Wurin Malamina Na Koya

Duk wanda ya sake ce mini Bature ba ya ƙarya, wallahi sai na nuna masa hoton ɗakin da na kama tun ina Kano. A hoton akwai taga, rana na shigowa, har da tukunyar fure. Da na isa, sai mai gidan ya ja akwatina ya yi ƙasa da ni ta wata matattakala, ya buɗe wani kurkuku kusa da inda suke ajiye injin wanki. Na ce masa ina tagar? Ya nuna mini wata 'yar kafa can sama, wadda ba abin da kake hangowa ta cikinta sai takalman masu wucewa. Wai hoton na ɗakin sama ne, kuskure aka yi. Yana faɗa yana murmushi! Baƙo ko da ido makaho ne, na karɓi makulli. Wannan ita ce cuta ta farko, kuma wasan yara ce a kan wadda ta sa na zauna rubutun nan.

Ni 'yar Gyaɗi-Gyaɗi ce, 'yar Malam Habu mai walda, kuma ni ce 'yar fari. Saboda haka tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" yake ce mini, in kuma da wani yake magana sai ya ce "yarinyar nan". Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, kuma ban taɓa jin haushinta ba. Na karanta tattalin arziki, na samu tallafi na tafi wata ƙasa a arewacin Turai neman digiri na uku. Abin da na je bincike a kai shi ne ƙananan masana'antu: yaushe suke ƙirƙiro sabon abu, me ke sa su, me ke hana su. Aikinmu gina lissafi ne a kwamfuta, mu zuba masa amsoshin mutane ya fitar da hukunci. Kamar injin markaɗe yake, abin da ka zuba shi zai fito.

Shekarar farko ba abin da na sani sai sanyi da duhu da lissafi. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, in ta fito ma ba ta da zafi. Na gaishe da maƙwabciyata a bakin ƙofa, na tambaye ta ya gida ya yara, ta dube ni kamar na ce ta ba ni aron zobe. Tuwo kuwa har mafarkinsa nake yi. Ranar da na ji ƙarar wani yana yanka ƙarfe a wani gini da ake gyarawa, tsayawa na yi a titi ina hawaye, don da wannan ƙarar na girma.

Allah ya haɗa ni da Anti Laraba a motar haya. Ina waya da ƙanena, sai na ji daga bayana an ce, "Ke, Hausar Kano nake ji ko kunnena ne?" Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista 'yar kudancin Kaduna, amma a Unguwar Gano ta tashi, mahaifinta malamin firamare ne a Tarauni. Ran nan ba ta bar ni na koma kurkukuna ba sai da ta tuƙa mini tuwon semo da miyar kuka. Ta ware mini tukunya guda ta ce ba a taɓa dafa abin da ba na ci a ciki ba, ta shimfiɗa mini tawul na yi salla. Da zan tafi ta riƙe hannuna.

"Rakiya, bari in gaya miki abu ɗaya. Nan ba Kano ba ce. In aka ce ki ci abinci kika ce kin ƙoshi, ɗauke kwanon za su yi. Ba mai sake tambayar ki."

Na yi dariya, na ɗauka zancen abinci kawai take yi.

Malamin da ke duba aikina babban farfesa ne. Ba zan rubuta sunansa ba, ya ishe shi inda ya riga ya rubuta shi. Dogo nake ce masa. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya, kuma a duniyarsa tambaya ɗaya ce ke auna ƙirƙira: ka je wurin mai sana'a ka ce masa, a 'yan shekarun nan ka fito da wani sabon abu da ba a yi a da? In ya ce i, a rubuta ɗaya. In ya ce a'a, a rubuta sifili. Da wannan tambayar ya turo ni gida a shekara ta biyu.

Na bi masu walda da kafintoci da masu gyaran adaidaita sahu, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Hotoro. Kusan kowa a'a. "Ina! Mu wa? Haka muka tarar." "A wurin maigidana na koya." Na zo kan Baba, ina cewa a raina nan kam zan samu ɗaya. Domin duk layin nan an san inji mai baki biyu, wanda kai ɗaya ke juya bakin markaɗe da bakin niƙan gari, ga murfi a kan bel don kada ya kama hijabin mata. A idona aka yi shi. Ina 'yar firamare Baba yake yanka ƙarfe yana watsarwa, Inna tana mita wai ya mayar mata da tsakar gida bola. Na karanta masa tambayar. Ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa.

"Sabon abu? A'a. Aikin maigidana ne, Malam Sani, Allah ya ji ƙansa."

"Baba, Malam Sani fa ya rasu tun kafin a haife ni. Bai taɓa ganin injin nan ba."

"Wa ya koya mini riƙe ƙarfe? Ke rubuta abin da na ce. Yabon kai jahilci."

Na rubuta sifili.

Da na koma da wannan tarin sifili, sai na ga Dogo yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce sakamako ne mai kyau ƙwarai, zai nuna cewa ƙananan masana'antun Afirka kwaikwayo kawai suka iya. Na ce masa ba haka ba ne, mutanen nan ba sa faɗin nasu da bakinsu ne. Ya ce, cikin taushin muryar nan tasa mai ƙona rai, masani ba ya jayayya da alƙaluma don kawai sun taɓa danginsa. Kai! Ran nan da ƙyar na kai ɗaki. Mutumin da bai taɓa canza ƙwan fitilar ofishinsa da hannunsa ba, shi zai rubuta wa duniya cewa ubana bai iya tunani ba, kuma da hannuna zan sa masa hannu.

Ina kwance ina cizon yatsa sai na tuna Baba Garba. Shi ma mai walda ne, shagonsa na kallon na Baba, kuma sun fi shekara nawa suna harare-harare a kan masu ciniki. Lokacin da na je masa da takardata shi ma a'a ya ce. Amma da na miƙe zan tafi, sai ya nuna injin da ke gabansa da haɓa ya ce, "In sabon abu kike nema ki je wurin ubanki. Mai baki biyun nan shi ya fara, mu duk a wurinsa muka gani. Mugun hali gare shi, amma kansa na ja." A lokacin ban rubuta ba, don babu gurbin wannan a takardar. Yanzu na gane. Bakano ba zai ce ni na yi ba, amma zai ce wane ne ya yi, ko da ba sa ga maciji. Ashe ba mutumin za a tambaya ba, maƙwabtansa za a tambaya.

Na kai wa Dogo wannan tunani. Ya ce tsegumin kasuwa ba ilimi ba ne, kuma sashenmu a jami'ar ba zai ɗauki nauyin tafiya ta biyu ba. Na ce to. Hutu na zuwa na yi wankin kwanuka a wani gidan abinci har na haɗa na jirgi, na dawo na sake bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya da sabuwar tambaya: wa ya fara yin kaza a nan? Sai ga baki ya buɗe. Wannan ya ambaci wancan, wancan ya ambaci wani a Tarauni, sunaye na ta komawa kan mutanen da duk suka ce mini a'a. Na koma na shafe watanni ina gina lissafin da zai auna wannan: sunan da ya fito daga bakin abokin hamayya ya fi nauyi a kan wanda ya fito daga bakin ɗan'uwa, wanda aka ambata daga wata unguwa ya fi wanda aka ambata a layinsu kawai. Mu huɗu ne a ofishin ɗalibai, duk a gabansu na yi. Allon ofishin da rubutuna ya cika. Suna gani ina gogewa ina sakewa, har tsokana ta suke yi wai na auri allo.

Da sakamakon ya fito, hukuncin Dogo ya kife. Ya daɗe yana kallon takardun, sannan ya ce, "Abin sha'awa." Daga ranar ya daina cewa aikinki, ya koma cewa aikinmu. Na ji, amma na ce ai malami ne.

Sai babban taron masana ya zo, a wani birni mai nisa, aka ba ni dama in gabatar. Zauren cike, ana ɗauka a bidiyo, Dogo na zaune a sahun gaba ya harɗe ƙafa. Na yi bayani, na nuna hoton mai baki biyu, aka yi tafi. Wata tsohuwar farfesa wadda kowa ke shakkarta ta ɗaga hannu ta ce dabarar nan ta tambayar maƙwabta ta burge ta, tunanin wa ne?

Malamina yana zaune a gabana, da furfurarsa, idon jama'a a kanmu. Me 'yar Malam Habu za ta ce? Na sunkuyar da kai na ce, "Duk abin da na sani a wurin malamina na koya."

A Kano in ɗalibi ya faɗi haka, malamin zai yi caraf ya ce a'a, ƙoƙarinta ne, ni ban sa hannu ba. Kowa ya san rawar, kowa ya san takunsa, a tashi an girmama babba kuma an san mai abu. Na tsaya ina jiran Dogo ya yi nasa takun. Sai ya juya ya dubi zauren, ya ɗan rusunar da kai, ya karɓi tafin. Ya ɗauke kwanon, kamar yadda Anti Laraba ta faɗa.

Ban gama farfaɗowa ba, bayan wasu watanni sai ga maƙala a babbar mujallar fanninmu. Sunansa shi kaɗai. Dabarar ma an raɗa mata suna, nasa. Ni kuwa ina can ƙasan shafi cikin ƙananan baƙaƙe, ana gode mini saboda taimakawa wajen tattara bayanai da fassara. Fassara! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na same shi a ofis, ban ko zauna ba. Ya ce in kwantar da hankalina, ni da bakina na faɗa a gaban ɗaruruwan mutane, kuma ina da sauran shekaru a gaba, zan rubuta wasu.

Anti Laraba ce ta ce in kai ƙara gaban kwamitin jami'ar, ta ɗauki hutun aiki ta raka ni har ƙofar, ta zauna a waje da jakarta a cinya. Kwamitin mutum uku ne, masu ladabi, har da ba ni ruwa. Suka kunna bidiyon, na ji muryata tana ba da aikina kyauta. Shugabar ta ce, wannan ba ke ba ce?

Na ce ni ce. Na ce amma don Allah su buɗe maƙalar da ake rigima a kanta su karanta shafin farko. Me ta ce? Cewa ta yi in mutumin Kano ya ce a wurin maigidana na koya, kada a ɗauka, ladabi ne ba shaida ba. A kan wannan aka gina aikin gaba ɗaya, a kan wannan aka yi masa tafi. To ya za a yi maganar ta zama ladabi a bakin mai walda, ta zama shaida a bakina? Na ce in suna son gaskiya ga hanya nan a rubuce. Su tambayi maƙwabta. Mutum uku ne suka zauna da ni a ofis ɗaya, a kira su a ce wa ya fara.

Aka kira su. Na farko ya ce ba zai iya tunawa ba. Na biyu ya ce tunani a sashe kamar iska yake, ba a san daga inda yake tasowa ba. Wannan fa shi ne mai cewa na auri allo! Ta ukun ba ta zo ba, ta aiko cewa ba ta da lafiya. Daga baya ta tare ni a bayan ɗakin karatu tana kuka, ta ce ta sani, kowa ya sani, amma bizarta da aikin da take nema duk a hannun Dogo suke. Ban rarrashe ta ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma har yau in na tuna abokan ofishin nan nawa uku sai na ji abin ya fi ci mini rai a kan Dogo. Baba Garba bai yi boko ba, ba ya shiri da ubana, kuma faɗin gaskiyar bai ƙara masa ciniki ko ɗaya ba, amma ya faɗa. Waɗannan da digiri a hannu da shayin da muka sha tare, suka haɗiye harshensu.

Kwamiti ya ce babu isasshiyar hujja. Suka ba ni shawara in riƙa fayyace gudummawata nan gaba. Aka canza mini mai duba aiki, na kammala, aka ba ni takardata. Ban je bikin ba. Anti Laraba ta soya mini kaza, muka ci mu biyu, ta zagi Dogo da Hausa tas har sai da na yi dariya.

Na dawo Kano na kama koyarwa. Na zaunar da Baba na ba shi labari tun daga farko, ina jiran ya tashi ya yi faɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya kaɗa kai ya ce, "To ai malaminki ne. Albarkarsa kike nema. Ki yi haƙuri." Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu. Na ce Baba wannan haƙurin ne ya kashe mu, shi ya sa injinka ke kowane lungu babu wanda ya san sunanka a wajen layin nan. Ya ce in rage murya, a titi muke. Na yi wata guda ban taka shagon ba.

Wata Asabar Inna ta aike ni da abincinsa, na zauna a benci a ciki ina jiran kwanuka. Sai ga wani mutum da kati rataye a wuya da 'yar kwamfuta a hannu. Ya yi sallama ya ce bincike suke yi wa wata jami'a ta ƙasar waje. Bai san ni ba, mace ce kawai a hijabi a kan benci. Ya ce, "Malam, ba a kanka zan tambaye ka ba. A layin nan, wa ya fara yin murfin bel irin wannan?"

Tambayata ce, ko kalma ba su canza ba. Dogo ya samu tallafin faɗaɗa aikin, ya aiko a ci gaba da ɗiba a inda na haƙa.

Baba ya kashe injin. Ya ce, "Wannan tambayar, wa ya ba ka ita?"

"Wani babban farfesa ne Bature ya ƙirƙiro ta, Malam. Da sunansa ma ake kiran ta."

Baba Garba ya riga ya tsallako titi, don ba a yin baƙo a layin bai zo jin ƙwaƙwaf ba. Wasu ma suka matso. Baba ya dubi Baba Garba, irin kallon nan na ka yi magana mana. Baba Garba ya harɗe hannu a ƙirji.

"A'a Habu. Ni na faɗi naka tuntuni. Wannan kai za ka faɗa."

Baba ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, hannun da ba abin da ya rage a jikinsa na gogewa. Bai dubi inda nake ba. Sannan ya ce wa mutumin, "Ka ce aikinku tambayar wa ya fara. To buɗe abin naka ka rubuta. Ba Bature ba ne. A nan aka fara ta, a bakin shagon nan, muna gani. 'Yata ce." Ya ajiye tsumman. "Sunanta Rakiya. Rakiya Habu. In babu gurbinsa a ciki, ka tashi, ba mai amsa maka komai a layin nan."

Mutumin ya ce babu gurbin. Baba ya ja gilashinsa ya rufe fuska ya tayar da inji. Mai katin ya bi shaguna har ƙarshen layi, kowa ya ce masa yana da aiki.

Har gobe sunan Dogo ne a kan dabarar, ɗalibaina ma haka suke karanta ta a littafi. Ban yafe ba, kada wani ya zo mini da wa'azi. Amma a wannan Asabar ɗin na kwashe kwanuka na fito, na kai bakin titi na kasa tsayar da adaidaita sahu, don ban iya buɗe baki ba. Tun daga ranar Baba bai sake faɗin sunan ba. Jiya ma da na je, "ke" ya ce mini, ya ce in miƙo masa guduma.